Jan Biron Dakta Saratu

Shekara shida na yi inda ƙanƙara ke toshe ƙofa,
na haddace sunan kowace jijiya da harshen mutanen can.
Na dawo da takarda mai hatimin ruwan zinariya,
Inna ta rataye ta kusa da agogon bango.
Amma a asibitin Kumo, safiyar Litinin,
takardar nan ko durowar magani ba ta buɗe mini ba.

Sai an ga hannunka tukuna, in ji su.
Ga kujerata a bakin tebur,
ga ta Dakta Saratu Bappah a bayana, jikin taga,
tana juya jan biro tsakanin yatsu.
Duk katin da na rubuta sai ya bi ta gabanta,
kamar ɗan koyon ɗinki da ba a sakar masa almakashi ba.

Benci ya cika tun kafin a share baranda.
Wannan ta ce sanyi ne ya kama ta,
wancan ya ce wani abu ke masa yawo a jiki,
da dare ya sauka gwiwa, da asuba ya hau ƙeya.
Na laluba littattafan da ke kaina kaf,
ban tarar da babin abu mai yawo ba.

Sai ga Baffa Jibir daga Pindiga,
an ɗauko shi a babur, rawaninsa ya karkace.
Ya ce ƙishirwa ce, ɗana, randa ba ta isa ta,
ga kasala, ko fartanya ta fi ƙarfina.
Na ji daɗi, na gane ciwon suga tun bai rufe baki ba.
Na zuba gwaji bakwai a takarda, layi-layi,
na ƙara da maganin da na gani a can,
na miƙa baya, ko waiwaye ban yi ba.

Shiru.
Fanka na juyi, akuya na kuka a bayan katanga.
Ta ce, Manu, nawa ne a aljihunsa?
Biyar daga gwajin nan sai an je Gombe,
tiya nawa ta wake zai sayar?
Ta tashi, ta tattare zane, ta durƙusa a siminti,
ta ce, Baffa, a ba ni aron takalmin nan.
Ƙarƙashin babban yatsa ga gyambo ya yi baki,
ƙaya ce ta soke shi tun lokacin shuka,
shi kuwa ko zafinta bai ji ba.

Ni da na yi shekara shida ina kallon mutum ta gilashi,
na duba idonsa, na saurari ƙirjinsa,
ban sunkuya na kai ga ƙafarsa ba.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.
Ta ja layi ɗaya ja a kan biyar ɗin,
ta bar mini biyu da ruwan gishiri da auduga,
ta ce, wanke masa da hannunka,
ka tambaye shi me yake ci da safe,
mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Ranar nan littafina ya koma gida fari,
ba ta sa hannu ba.

Yau wata huɗu ke nan.
Baffa kan zo duk bayan mako biyu, ya rage sukari a kunu,
gyambon ya kame, ya kawo mini ƙwan zabi takwas a ƙwarya.
Ɗazu wata tsohuwa ta shigo da ciwon kai,
na ce, Iya, cire silifas.
Na ji biro na tafiya a bayana, ƙyas-ƙyas.
Da na ɗago, Dakta Saratu na kallon taga,
kamar ba ita ba.